Maganin ADHD ya taimaki ɗana, amma ya hana shi ci da barci

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9, likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar yana da lalurar rashin tattara hankali da yawan kiriniya, wato ADHD, bayan ya ji bayanina da na malamansa. Ya ɗora shi a kan wani magani mai suna Ritalin. Wallahi an ga canji, yanzu yana zama ya gama aikin aji.

Sai dai abincin rana ko kallonsa ba ya yi, har ya rame. Da yamma maganin na sakinsa sai fushi da kuka, barci kuma sai ƙarfe 12 na dare. Ganin likita saura mako 3.

Masu sani, don Allah, rage adadi ake nema ko sauya lokacin sha? Atomoksetin fa, wato wani maganin ADHD ɗin na daban, shi ma yana hana ci? Ina tsoron dakatarwa da kaina.