Magana bayan tiyatar harshe: abin da masu jinya suka ce

Waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na harshe saboda ciwon daji sun fi nanata abu guda: kada mutum ya auna muryarsa da makonnin farko. Lokacin harshe a kumbure yake, wasu ma ta bututun hanci ake ba su abinci, sai a tanadi takarda da biro ko waya don rubutu.

Haruffan da suka fi ba da wuya su ne masu buƙatar kan harshe, irin su t, d, l, r da s. Shawarar waɗanda aka yi wa tiyatar ita ce a nemi ƙwararren mai gyaran magana da wuri, a riƙa atisaye gaban madubi kullum, kaɗan-kaɗan, a kuma rage gaggawar magana. Wanda aka yi wa faci a harshe da naman hannunsa ko cinyarsa ya fi daɗewa kafin ya saba.

Abinci kuwa, kunu da fate marasa zafi, ban da yaji. Gashin haske, wato maganin ƙona ƙwayoyin ciwon daji da haske na musamman (radiotherapy), yana busar da baki, don haka gorar ruwa ba ta barin hannu. Taba da giya, a yi musu sallama.

Ga 'yan uwa kuma, abin da na ga an fi kuka da shi: ku daina ƙarasa wa mai jinya magana.