Wasiƙun ƙungiya suna dawowa: ta ina ake fara gyaran rajistar adireshi?

Sakatare_Garwa:

Assalamu alaikum. Ina riƙe da rajistar wata ƙungiyar 'yan kasuwa a nan Garwa ta Kamaru, sunaye wajen 600 ne a Excel. Sau biyu a shekara muna aika takardar gayyatar taro da rasit ɗin kuɗin ƙungiya. Mambobi suna warwatse: Garwa, Marwa, Ngaundere, Gidar, Kusseri, wasu a Njamena, kaɗan a Yola. Matsalar ita ce wasu wasiƙun suna dawowa, wasu ba su dawowa amma masu su sun ce ba su gani ba, wani kuma biyu ke isar masa. Sakatarori uku suka rubuta rajistar kafin ta zo hannuna, kowa da salonsa, kuma sunan mutum da BP (lambar akwatin gidan waya) da unguwa da lambar waya duk a gurbi ɗaya suke. Ta ina zan fara? In goge waɗanda wasiƙarsu ta dawo ne?

Tsohon_ɗan_gidan_waya:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka goge kowa tukuna. Fara da tarin ambulan ɗin da suka dawo, domin kowannensu yana ɗauke da dalilinsa. Duba tambari ko 'yar takardar da aka manna, wadda a wasiƙun ƙasashen waje ake kira CN 15. Za ka ga an yi alama a ɗaya daga cikin waɗannan: Inconnu (ba a san shi ba), Déménagé, Adresse insuffisante, Refusé (an ƙi karɓa), Non réclamé. Ba maganinsu ɗaya ba.

Non réclamé na nufin wasiƙar ta isa gidan wayan da ya dace, an jefa takardar sanarwa a akwati, mai ita bai zo ba har wa'adi ya cika. Adireshin lafiyarsa lau, mutumin ne ba ya leƙa akwatinsa, ko mabuɗin yana hannun wani. Wannan kiran waya ne maganinsa. Inconnu kuwa yawanci akwatin ne ya sauya hannu. Akwatin gidan waya haya ce ta shekara-shekara. In an daina biya sai a rufe, daga baya a ba wani. Lambar tana nan daram, amma sunan da ke kanta ya zama na wani. Déménagé ya tashi. Adresse insuffisante laifin mai rubutu ne: an sa suna da unguwa da gari, babu BP.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. A Kamaru da Cadi, wasiƙa ta gama-gari akwati take nufa, ba ƙofar gida ba. Ka rubuta "Poumpoumré, bayan masallaci" da kyakkyawan rubutu yadda ka ga dama, mai rarraba wasiƙu lambar akwati yake nema. Kuma ƙasashen biyu ba su aiki da lambar yanki irin ta Najeriya mai lamba 6 ko ta Faransa mai 5. Saboda haka sunan gari shi ne komai: BP ɗaya tana iya kasancewa a Garwa, tana Marwa, tana Ngaundere. Ambulan ya fita haka:

Suna kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa
s/c sunan mai akwatin, in ba nasa ba ne
BP da lamba
GAROUA
Tél. da lambar waya

Sunan gari da manyan baƙaƙe, da rubutun da hukuma ta sani. Mu ce Garwa da baki, a ambulan GAROUA. Ka bi rajistar a hankali ka ware Garoua da Garoua-Boulaï, wadda ke yankin Gabas kan iyakar Afirka ta Tsakiya. Wani sakataren yakan gajarta ta ya rubuta Garoua kawai, wasiƙa ta tafi wani gari daban ta faɗa akwatin baƙo. Haka Mora da Maroua in rubutun hannu ne, haka Ngaoundal da Ngaoundéré in an rubuta "Ngaou." an sa ɗigo.

Layin s/c ɗin nan, wato sous couvert de, kada ka raina shi. Mutanenmu da yawa ba su da akwatin kansu. Na maigidansu suke bayarwa, ko na makaranta, ko na wurin aiki kamar kamfanin auduga na Sodecoton, ko na wani attajirin unguwa. In sunan mai akwatin bai fito ba, ma'aikaci yana iya ganin baƙon suna ya mayar. In kuma ya jefa, ɗan aiken da ya kwaso wasiƙu ba zai san wa zai miƙa wa ba.

Sai batun suna. Wasiƙar rajista, wato recommandé, sai da katin ɗan ƙasa ake karɓarta a sa hannu. In ambulan ya ce "Alhaji Babba mai shanu", kati kuma ya ce wani abu, ba za a ba shi ba, kuma ma'aikacin bai yi laifi ba. Matan aure ka tambaye su abin da ke kan kati; inkiya da sunan da ake kira a kasuwa su sami gurbinsu daban.

Kuma ka sa adireshin ƙungiya a kowane ambulan. Waɗanda ka ce ba su dawo ba kuma ba a gani ba, ina zaton da yawansu ba su da inda za su dawo ne.

Hajiya_Mai_Sakatariya:

Baba ya gama da ɓangaren gidan waya, bari in ɗauki na kwamfuta.

Kafin ka taɓa komai, yi kwafin fayil ɗin, ka sa masa kwanan wata a suna, ka ajiye a kile USB. A kan kwafi za ka yi aiki.

Sannan ka wargaza gurbin nan guda. Kowane bayani da layinsa na tsaye: A lambar mamba, B suna na kati, C inkiya ko laƙabi, D s/c, E lambar BP kaɗai ba tare da harafin BP ba, F gari, G ƙasa, H waya ta ɗaya, I waya ta biyu, J unguwa da kwatance, K ranar da aka tabbatar, L matsayi. Alhadji, Aladji, El Hadj, Mal, Modibbo duk su fita daga B su koma C. In ka bar su, da ka jera sunaye bisa harufa rabin ƙungiyar za ta taru a ƙarƙashin A, ba za ka ga maimaici ba. Lambar mamba kuma ba ta sauyawa har abada, ko mutum ya sauya gari da waya.

F da G kada a riƙa bugawa da hannu. Yi jerin garuruwa a wani shafi, ka je Données, Validation des données, ka zaɓi Liste. Daga nan babu sauran Maroua, Marwa, Mra da MAROUA a matsayin gari huɗu.

Gibin da ido ba ya gani shi ke hana Excel gane cewa suna biyu ɗaya ne. Wannan yana share shi, har da irin wanda ake kwasowa daga intanet:

=SUPPRESPACE(SUBSTITUE(B2;CAR(160);" "))

In Excel ɗinka na Turanci ne, sunayensu TRIM, SUBSTITUTE da CHAR, kuma galibi waƙafi ake sawa a madadin ";".

Yanzu babban tarkon. Akwai maɓallin Supprimer les doublons mai goge maimaici, kada ka danna shi a rajista irin tamu. In ka sa shi ya duba suna, zai haɗiye Oumarou Bouba biyu da ba su ma san juna ba. In ka sa shi ya duba BP, zai bar mutum ɗaya cikin goma da ke amfani da akwatin makaranta guda. Kuma ainihin maimaicin ba zai gan shi ba, tunda wancan sakatare ya rubuta Ousmanou, wannan Ousmane, na uku Usman. Mohamadou, Mouhamadou, Muhammadu. Aboubakar, Boubakary, Bouba. Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar waya. Tsabtace ta tukuna: cire gibi, ɗigo da karan tsakiya, ka mai da layin H ya zama Texte domin kada Excel ya cinye + ko sifirin farko na lambobin Najeriya. Sannan a sabon layi, ka sa wannan mai ƙirga sau nawa lamba ta fito:

=NB.SI(H:H;H2)

Duk inda ya ba da 2 ko fiye, ka duba da idonka. Wani lokaci mutum ɗaya ne, wani lokaci uba da ɗa ne da waya ɗaya. Waɗanda ba su da waya, yi musu layin wucin gadi inda ka mai da OU zuwa U, DJ zuwa J, ka jera bisa gari sannan suna; 'yan biyun za su zauna kusa da juna.

Duba tsawon lambobin da NBCAR, dabarar da ke ƙirga haruffan gurbi. Tun Nuwamba 2014 lambobin Kamaru 9 ne. Duk ta salula mai 8 da ka gani, kafin lokacin aka rubuta ta, 6 take buƙata a gaba. Amma lambar da ta shekara goma ba wanda ya taɓa ta, mai yiwuwa layin ya mutu an sayar wa wani, don haka ƙara 6 ba tabbatarwa ba ne.

In za ka buga lakabi ta Publipostage a Word, wato abin da ke ɗauko adireshi daga Excel, ka haɗa shi kai tsaye da fayil ɗin xlsx. Wucewa ta fayil ɗin CSV ne ke mai da Ngaoundéré ta koma NgaoundÃ©rÃ© in an ajiye shi a tsarin haruffa na UTF-8 amma aka buɗe shi da wani tsarin daban. Buga shafi ɗaya a farar takarda, ɗora shi kan takardar lakabi ka ɗaga wa haske, kafin ka ɓata fakiti.

Sakatare_Garwa:

Allah ya saka, Baba da Hajiya. To ashe zan iya sa dabara ɗaya ta ƙara 6 ga duk lamba mai 8? Kuma mutanen Njamena, ba zai fi sauƙi a haɗa nasu da na Kusseri ba?

Ɗan_Kusseri:

A'a, Yaya Sakatare, kada ka yi wa duka kuɗin goro. Lambobin Cadi har yau 8 ne, lambar ƙasa +235. Na Airtel galibi suna farawa da 6, na Moov Africa da 9. Tsohuwar lambar Orange ta Kamaru ma da 9 take farawa, ita ma 8. In ka ƙara 6 a makance, ka mai da lambar ɗan Njamena ta zama ta wani baƙo a Duwala. Cika layin ƙasa tukuna, sannan dabarar ta taɓa waɗanda G ɗinsu Kamaru ce kawai. Mu nan Kusseri ma da yawa layi biyu muke riƙewa, na nan da na ƙetare, saboda haka a rubuta kowace lamba da +237 ko +235 a gabanta, kada a dogara da garin.

Batun haɗawa: tsakanin Kusseri da Njamena gadar Nguéli ce kawai a kan Logone, amma a wurin gidan waya wasiƙar ƙasar waje ce. Kuɗin tambur daban, kuma layi na ƙarshe dole ya ce TCHAD da manyan baƙaƙe. Na Yola su ce NIGERIA, a sa musu lambar yankinsu. In takardar gayyata ce kawai, abin da ya fi tafiya shi ne a haɗa na gari ɗaya a babban ambulan, a ba ajans, wato kamfanin motocin haya, wakili ɗaya ya karɓa ya raba. A nan BP ba ta da aiki. Sunan mai karɓa na kati da wayar da ke shiga su ne adireshi, domin ajans kira take yi in kaya sun iso. Don haka ka ƙara layi guda: hanyar aikawa, ko akwati, ko ajans, ko hannu. Na hannu su ne masu buƙatar kwatance na gaske: unguwa, sanannen wuri, launin ƙofa. "Domayo" kaɗai a Marwa ba kwatance ba ne. In mutum zai iya turo wurinsa ta WhatsApp, a ajiye a J.

Abin da ke da rasit ko takardar hukuma dai a bi da shi ta wasiƙar rajista. Lambar bibiyar tana da gurbi 13: harafi biyu, lamba tara, sai CM in daga Kamaru ta tashi, TD in daga Cadi. Rubuta ta a gaban sunan mutum ranar da aka aika.

Tsohon_ɗan_gidan_waya:

Ɗana na Kusseri ya yi daidai. Abu ɗaya zan ƙara wa Hajiya: kwamfuta tana gyara rubutu, ba ta san wanda ya tashi ba. Layukan K da L ɗin nan su ne aikin, kuma da murya ake cika su. Raba sunayen gari-gari, kowane wakili ya ɗauki 40 zuwa 50, ya kira. Kada ya tambaya "adireshinka yana nan?", kowa zai ce e don a gama. Ya ce "faɗa mini BP ɗinka, sunan wa ke kanta, an biya ta bana?" Ya rubuta abin da ya ji, sannan a gwada da na rajista.

Matsayi huɗu sun isa: tabbatacce, ana jira, an dakatar, ya rasu. Inconnu ko Déménagé sau ɗaya, a dakatar har a ji daga bakinsa. Non réclamé a sake gwadawa bayan kira. Wanda ya rasu a dakatar da wasiƙa nan take, a bar sunansa a shafi daban saboda lissafin kuɗin ƙungiya. Takardar gayyata da sunan mamaci ba abin da za a kai wa iyalinsa ba ne.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye shi ne Oktoba, bayan an koma makaranta a Satumba, domin malamai da ma'aikatan da aka sauya wa wurin aiki sun riga sun zauna. Sai a sake leƙa masu akwati a farkon shekara saboda kuɗin haya. A ranar taro kuma a ajiye bugaggiyar rajista a bakin ƙofa, kowa ya duba layinsa ya sa hannu, amma a rufe layin waya na sauran. Kuma kada fayil ɗin ya shiga zauren WhatsApp na ƙungiya. Kamaru tana da dokar kare bayanan mutane tun Disamba 2024, kuma lambobi 600 da sunaye a hannun ɗan damfara jari ne.