Neman taimako kan darasin ƙin jinin Yahudawa a Poland

Assalamu alaikum. Malamai masana tarihi, don Allah ku kama mini, na cije a darasin da nake shirya wa ɗalibaina.

A garin Kielce, ranar 4 ga Yuli 1946, an kashe Yahudawa 42 bisa ƙaryar wai sun sace wani yaro, alhali da ƙyar suka tsira daga 'yan Nazi. Wannan tsohuwar ƙiyayya ce, na gane ta. Amma a 1968 gwamnatin Gomułka, shugaban jam'iyyar kwaminis da ke mulkin Poland a lokacin, "'yan Sahayoniya" take cewa, wato masu goyon bayan ƙasar Isra'ila, ta kori Yahudawa daga aiki, dubbai suka bar ƙasar, aka ƙwace musu takardar zama 'yan ƙasa.

Yaya zan bambance wa yara sukar gwamnatin Isra'ila da ƙin mutum don Bayahude ne? Falasɗinu na ransu, tabbas za su tambaye ni.