Hotona ya yi dishi-dishi, kowa kuma "ya yi kyau" yake ce min: yaya ake gyara wa juna hoto?

Sabon-Shiga:

Assalamu alaikum, manyanmu a harkar hoto. Tambaya biyu gare ni, amma a haɗe suke.

Ga hoton wani dattijo zaune a ɗaki, taga a bayansa, ƙwan lantarki a kunne a sama. Kyamarar mai ƙaramar sensa ce (farantin da ke karɓar haske a cikinta), irin APS-C. Gilashi 50mm, ƙofar haske f/1.8, saurin shata (lokacin da kyamara ke buɗe wa haske) 1/30 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 100, nau'in fayil JPEG, a hannu aka riƙe, tazara kamar mita ɗaya da rabi. Abin da nake son ya fito shi ne kwarjinin fuskar da tamojin goshi. Abin da ya fito kuwa, fuska ta yi duhu, idanu ba su fita tar ba, taga ta yi fari fat. Duk wanda ya gani sai ya ce ya yi kyau, ko ya ce laifin kyamara ne.

To me ya lalace a nan? Sannan idan wani ya kawo min nasa hoton ya ce in duba, ta ina zan fara, me zan ce masa da zai amfane shi ba tare da na kashe masa gwiwa ba?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi rabin aikin tun da ka kawo lambobin saitin tare da niyyarka. Da waɗannan biyun ake gane ciwon hoto, in babu su sai dai a yi ta kame-kame.

Mu fara da dishi-dishin, don ruwa ba ya tsami banza. Iri uku ne, kowanne da alamarsa. Ka buɗe hoton a kwamfuta, ka zuƙo shi zuwa kashi 100, ka bi shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan komai ya ja gefe guda, har ƙarfen taga da bango sun yi kamar layi biyu-biyu, hannunka ne ya girgiza. Idan bango ya tsaya cak amma fuska ko hannun mutumin ya shafe, shi ne ya motsa. Idan kuma ka sami wani wuri da ya fita tar, misali kunne ko wuyan riga, amma ido bai fita ba, fokas ne ya sauka inda bai kamata ba. A naka hoton na ga biyu: gefen tagar ya ɗan ja, sannan kunnen ya fi idon fitowa.

Na farkon daga shata ne. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin shata ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi. Sensarka tana ninka 50mm da kusan 1.5, ya zama kamar 75mm, don haka mafi ƙaranci 1/80. Kai kuma ka tsaya a 1/30. Ga hoton mutum mai numfashi da ƙifta ido, 1/125 ya fi kwanciyar hankali. Daga 1/30 zuwa 1/125 mataki biyu ne na haske ka rage (kowane mataki yana raba hasken biyu), sai ka biya su da ISO: daga 100 zuwa 400.

Na biyun daga f/1.8 ne. A mita ɗaya da rabi, da wannan gilashin, zurfin wurin da zai fita tar bai kai santimita 10 ba. Mutum ya ɗan matso gaba bayan ka kama fokas, shi ke nan ido ya fita daga ciki. Ka rage ƙofar zuwa f/2.8, ka zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai, kada ka bar kyamara ta zaɓa maka. Wannan ragin zai ci mataki ɗaya da sulusi, ISO zai kai wajen 1000. Kada ka ji tsoronsa. Yashi-yashin ISO 1000 ana rage shi wajen gyara, amma girgizar hannu ba ta da magani bayan an ɗauka.

Sai babbar matsalar, wato inda hasken yake. Ma'aunin kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin toka-toka. Da ya ga taga mai haske sosai sai ya rage, fuskar ta faɗa duhu, tagar kuma duk da haka ta ƙone, don tazarar da ke tsakanin hasken waje da na ɗaki ta fi ƙarfin sensa. Ba saiti ne zai warware wannan ba, kujera ce. Ka juya dattijon tagar ta koma gefensa, ya ɗan karkata fuska wajenta. Hasken da ke shafar fuska daga gefe shi ke fito da tamoji, don kowane layi yana samun 'yar inuwarsa. Ka sa farin kwali a ɗaya gefen, kamar rabin mita daga kuncinsa, ya mayar da haske cikin inuwar. Ka kashe ƙwan lantarkin: a ma'aunin launin haske na Kelvin (K), hasken rana wajen 5500K yake, ƙwai mai ruwan ɗorawa kuma wajen 2700K zuwa 3000K, shi ya sa goshin ya yi rawaya, kafaɗar ta yi shuɗi-shuɗi. Daidaiton fari, wato saitin da ke daidaita launin haske a kyamara, ba ya iya gyara launi biyu a lokaci guda.

Abu ɗaya kada ka taɓa shi: tsayin da ka riƙe kyamarar. Daidai idonsa take, shi ya ba hoton mutuncin da kake nema.

Hajiya Mai Hoto:

Malam Tsohon Hannu ya gama da tambayar farko, kuma yadda ya amsa ta ma amsa ce ga ta biyun. Ɗana, lura da abin da ya yi: ya faɗi abin da ya gani, ya nuna wurin a jikin hoton, ya faɗi dalili, sannan ya ba da lambar da za a gwada. Maganar da ta rasa ɗaya daga cikin huɗun nan gurguwa ce. "Hasken bai yi ba" ba gyara ba ne. "Kuncin hagu ya nutse a inuwa don taga na baya, juya shi ta koma gefe" shi ne gyara.

Idan aka kawo maka hoto, kada ka yi saurin magana. Ka kalle shi tsawon minti guda cur, ka lura da inda idonka ya fara sauka. Ido yana zuwa wurin da ya fi haske, sai wurin da ya fi fita tar, sai fuska ko rubutu. Daga nan ka tambayi mai hoton: me kake so in gani? Idan ya ce idon yaron, kai kuma idonka a kan jar roba da ke bayansa ya fara sauka, ka samo abin da za ka faɗa, kuma ba ra'ayinka ba ne, abin da ya faru ne da idonka. Ka gaya masa haka ɗin: "Idona ya fara zuwa kan robar nan kafin ya zo kan yaron." Ba wanda zai yi musu da wannan, ba kuma wanda zai ji an ci masa fuska.

Bayan nan ka bi gefunan hoton huɗu da ido. A nan ne kurakuran da mai ɗauka bai gani ba suke ɓuya: sandar da ta tsiro daga kan mutum, rabin kafaɗar wani da ta leƙo, layin ƙasa da sama da ya karkace, hannu da aka datse daidai gwiwa ko wuyan hannu. Datsa a kan gaɓa tana sa mutum ya yi kamar an yanke shi, a tsakiyar dantse ko cinya ake datsawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne bambanci tsakanin kuskure da zaɓi. Fokas da ya kuɓuce wa ido kuskure ne. Amma sanya mutum a tsakiyar hoto maimakon a kan layin kashi ɗaya bisa uku zaɓi ne, haka hoto mai duhu da gangan, haka baƙi da fari. Da yawa daga cikinmu da zarar mun koyi ƙa'idar kashi uku, wato a raba hoto gida uku a ɗora mutum a kan layin rabon, sai mu mayar da ita sanda muna dukan kowane hoto da ita, alhali hoton da ɓangarorinsa biyu suka yi daidai da juna tsakiya yake so. In za ka yi magana a kan zaɓi, ka ce "da ni ne", don mai hoton ya san yana da damar ƙi.

Kada ka wuce gyara biyu, ko uku in ya yi yawa. Ko ka ga takwas, ka zaɓi wanda in an gyara shi sauran za su ragu. A hoton dattijon nan juya kujera kaɗai ya kashe matsala uku. Yabon ma ya zama mai adireshi, kamar yadda Malam ya yi da tsayin kyamara, don mai koyo yana bukatar sanin abin da zai maimaita, ba abin da zai bari kawai ba. Kuma kada ka ce wa mutum ya sayi sabon gilashi a kan matsalar da matsawa taku biyu za ta warware.

Sai batun taɓa hoton wani. Kada ka sauke shi, ka datse, ka canza launi, ka dawo da shi gaban jama'a ba tare da ka nemi izini ba. In ya yarda, ka rubuta abin da ka yi dalla-dalla, misali ka ƙara haske rabin mataki, ka datse kashi ɗaya bisa biyar daga sama, don ya iya yi da hannunsa.

Ɗan Histogiram:

Hajiya, a gafarce ni, zan ƙara wani abu da ya kamata ya zo kafin minti gudan nan na kallo. Sau da yawa mai gyara da mai hoto ba abu ɗaya suke kallo ba.

Waya da aka ƙure haskenta tana nuna hoto mai duhu kamar lafiyarsa ƙalau, wadda aka rage wa haske kuma tana nuna lafiyayyen hoto kamar ya nutse. Don haka kafin a ce wa mutum hotonsa ya yi duhu ko ya ƙone, a duba histogiram, wato zanen tudu da ke nuna yadda haske da duhu suka rarrabu a hoton. Hagunsa baƙi ne, damansa fari. Idan tudun ya manne da bangon dama, wurin ya kai 255, ƙarshen ma'aunin fari, babu sauran bayani a ciki, ko an ja hasken ƙasa toka-toka mara komai za a samu. JPEG matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba) mai bit 14 kuma 16,384. Shi ya sa shawarar "ka ɗaga inuwar" take aiki ga mai RAW, amma ga mai JPEG kamar Sabon-Shiga sai fatar ta dagule, launi ya rarrabu. A tambayi nau'in fayil ɗin kafin a ba da shawarar gyara.

Wajen turawa kuma: WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, ya kuma cire bayanan EXIF da ke ɗauke da saitin. A tura shi a matsayin fayil. Idan a Facebook ne, a fitar da shi da piksel 2048 ta gefen da ya fi tsawo, a tsarin launi na sRGB, don Adobe RGB yakan fito a koɗe a manhajar da ba ta gane shi ba. A rubuta saitin a ƙasan hoton da hannu. Mai ɗauka da waya kuma ya lura, EXIF yana iya ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauki hoton, ya goge wannan kafin ya tura cikakken fayil ga wanda bai sani ba.

Sabon-Shiga:

Allah Ya saka da alheri, na fahimta. Saura ɗaya, Hajiya. Idan mutum biyu suka ba ni shawara mai karo da juna fa? Wani ya ce in datse tagar gaba ɗaya, wani ya ce in bar ta don ita ke nuna ɗaki ne.

Hajiya Mai Hoto:

Ka koma kan niyyarka, ɗana. Kai ka ce fuska da tamoji kake so. Taga fara fat ita ce mafi haske a hoton, ita za ta fara jan ido, don haka mai cewa a datse ya fi kusa da abin da ka nema. Da ka ce kana son nuna dattijo a ɗakinsa, da na biyun ne ya fi gaskiya. Kada ka yanke hukunci da ka, ka yi kwafi biyu, ɗaya da taga ɗaya babu, ka jera su, ka ƙanƙantar da su kamar girman babban yatsa. A wannan girman ƙananan abubuwa suna ɓacewa, sai tsarin haske da duhu ya rage, nan take za ka ga wanda fuskar ke mulki a cikinsa. Ka bar su su kwana, ka sake dubawa da safe.

Lokacin da ake yi maka gyara, ka riƙe bakinka daga kare kai. "Ai ɗakin ne ƙarami" ko "ai sauri nake" duk gaskiya ne, amma mai kallon hoto ba ya ganin uzuri, abin da ke cikin firam kawai yake gani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maimakon bayani ka yi tambaya: a ina ka gani, me kake ganin ya jawo shi? Wanda ya san abin da yake faɗa zai ɗora yatsa a wurin. Abin da mutum uku da ba su ji juna ba suka ambata, ka ɗauke shi da gaske ko bai yi maka daɗi ba. Abin da mutum ɗaya ya faɗa kuma ka gwada shi sau ɗaya kafin ka ajiye.

Nan gaba in za ka kawo hoto, ka kawo ɗaya ko biyu, ba ashirin ba, kuma ka ɗaure tambayarka: "fatar ta yi rawaya ne?" ta fi "yaya kuka gani?" samun amsa.

Tsohon Hannu:

Ka koma wurin dattijon a irin lokacin da ka ɗauki na farko, don hasken tagar ya zama iri ɗaya. Ka ɗauki uku: na farko a tsohon wurin zama amma da 1/125, f/2.8, ISO 1000. Na biyu ka juya kujerar, ka kashe ƙwan, ka bar shata da ƙofar yadda suke, ka daidaita ISO har fuskar ta zauna daidai a histogiram. Na uku kamar na biyun, sai ka ƙara farin kwalin. In kyamararka na yin RAW tare da JPEG, kunna shi. Ka kawo su ukun tare da tsohon, kowanne da saitinsa a ƙasa, da ɗan yankin idon da aka zuƙo zuwa kashi 100, mu duba.