Dam a intanet: cin dole da agogo suna ta kayar da mu

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan'uwa. A fadarmu mun fara buga dam a waya da mutanen wasu ƙasashe, amma abu biyu sun ɗaure mana kai. Wani lokaci manhajar sai ta ƙi barin ka taɓa kowane ɗa sai guda ɗaya, ko da akwai wani cin da ya fi maka daɗi. Kuma reso na yankewa ka dawo ka tarar an ba abokin wasa nasara, alhali ka fi shi ƴaƴa. Laifin manhaja ne ko akwai dokar da ba mu sani ba? Wane lokacin agogo ya kamata mu riƙa zaɓa?

Tsohon Ɗan Dam:
Wa alaikumus salam ƙanena. Manhajar lafiyarta lau, dokar ƙasa da ƙasa take bi. Fara duba allon. In gida 10 ne tsaye 10 kwance, kowa da ƴaƴa 20, to ci dole ne, kuma dole ka bi hanyar da ta fi yawan ci. In wannan ɗa zai ci 2 wancan zai ci 3, mai cin ukun kaɗai za a bar ka ka taɓa. Ba a duba girman abin da za a ci: ƙananan ƴaƴa 2 sun fi sarki 1 a wannan lissafi. Al'adar nan ta ɗauke ɗan mutum in ya manta bai ci ba babu ita, tunda ba a ma ba ka damar mantawa.

Sauran ƙa'idoji uku da ke rikita sabon shiga. Ƙaramin ɗa yana ci da baya. Ɗan da ya taka layin ƙarshe yana tsakiyar ci, in akwai sauran ci a bayansa, wucewa zai yi bai zama sarki ba, sai in can ya tsaya. Sannan ƴaƴan da aka ci ba a kwashe su sai an gama zagayen, kuma ba a tsallake ɗa ɗaya sau biyu. Wannan ta ƙarshe ita ke kashe sarakuna: sarki ya ci uku ya sauka, ɗan da ya riga ya ci ya tare masa hanya, ƙaramin ɗa ya ɗauke shi.

Ga yadda masu iyawa ke cin sabbi da wannan dokar tun farkon wasa. Gidajen baƙaƙe suna da lamba 1 zuwa 50, fari yana kan 31 zuwa 50 kuma shi ke farawa. Fari 33-28 (wato daga gida 33 zuwa 28, alamar x kuma ci ke nan), baƙi 18-22. Fari ya ga za a ci masa 28, sai ya tokare da 39-33. Shi ke nan dara ta ci gida. Baƙi ya ba da 22-27, fari ya ci 32x21, baƙi 16x27, fari dole 31x22. Baƙi ya ƙara ba da 19-23, fari dole 28x19. Yanzu 28 da 39 duk a buɗe suke, sai 17 ya bi ta 28 da 39 ya sauka 30, ya kwashe uku. In ƙura ta lafa fari yana baya da ƴaƴa 2. Tarkon Harlem ake ce masa. Maganinsa 38-33 maimakon 39-33, don 39 ya zauna a gidansa ya rufe hanyar. Ku jera shi a allon katako ku bi sau da yawa har ido ya saba.

Mai Gyaran Waya Zango:
Ni batun reso zan taɓa. Dam ba ya cin forfe, kowane motsi ƴan haruffa ne kawai ake aikawa. Abin da yake so shi ne haɗin da ba ya tsinkewa, ba mai gudu ba. Agogonka kuma ba a wayarka yake ba, yana can a kwamfutar masu manhajar, don haka ko wayarka ta daskare shi yana tafiya. In ka daɗe ba ka dawo ba, ana ba abokin wasa zaɓin ya karɓi nasara ko ya yi kunnen doki.

Yawanci abu huɗu ke yanke shi. Waya tana tsalle tsakanin 4G da 3G, kowane tsalle haɗin ya sake ɗaurawa. Shiga saitin layi ka tsayar da ita kan wanda ya fi ƙarfi a inda kake zaune. Yanayin tanadin batir yana kashe manhaja da zarar allo ya mutu, sai a cire ta daga cikinsa. Kira in ya shigo, musamman a waya mai layi biyu, yakan tsayar da intanet har a gama magana. Na huɗu, leƙa WhatsApp ana cikin wasa. Mai amfani da wifi kuma ya tuna kuran na ɗaukewa akwatin wifi ɗin ya mutu, gara ya fara wasan da forfe tun farko.

Lokaci kuwa, lamba biyu za ka gani, kamar 5+3: minti 5 kowa, da ƙarin sakan 3 duk motsin da ka yi. Kada ku zaɓi wanda ke da +0. Ku ɗauki 10+5 ko 15+10. Wasan da ya kai motsi 50 a 10+5, ƙarin ya ba ka sakan 250, fiye da minti 4 ke nan, ya isa ya rufe yankewa biyu ko uku. In reson unguwarku ya cika wasa da hankali, akwai wasan kwanaki, inda ake ba ka yini ɗaya ko fiye kan kowane motsi.

Hajiyar Lissafi:
Malam Tsoho ya yi bayanin allon 10, amma a kula, ba kowace manhaja ke buɗewa da shi ba. Da yawa na Ingila suke sakawa: gida 8 da 8, ƴaƴa 12, ƙaramin ɗa ba ya ci da baya, sarki kuma taku ɗaya yake yi, ba ya sheƙa dogon layi. Na Rasha allon 8 ne shi ma, amma ka zaɓi cin da kake so, kuma ɗa yana zama sarki a tsakiyar ci. Na Burazil dokar ƙasa da ƙasa ce a ƙaramin allo. Ku karanta sunan nau'in kafin ku amsa gayyata. Lidraughts kyauta ne, yana rubuta nau'in a fili, kuma kana iya ƙirƙirar wasa ka tura wa ɗan fadarku mahaɗin shi kaɗai. Ku zaɓi wanda ba a lissafa maki har hannu ya faɗa.

Ɗan Birni:
Madalla, Allah ya saka. Hajiya, to mu fara da na Burazil ke nan tunda ya fi gajarta? Sannan wani namu yana da sarki 3, abokin wasa 1, aka ce kunnen doki. Wannan fa?

Tsohon Ɗan Dam:
Ni dai ban ba ku shawarar ƙaramin allo ba, tarkunansa daban ne kuma masu buga na 10 sun fi saurin samuwa. Batun sarki 3 da 1, daidai aka yi muku. Kowa yana da motsi 16, in ba a kama shi ba an tashi. In kuma sarki ɗayan ya riga ya hau dogon layin tsakiya, daga 46 zuwa 5, bai yi sake ba, uku ba sa kama shi. Don haka kafin ka yi musayar ƙarshe ka tabbata kana da ɗa na huɗu da zai kai.