Daidaita ƙarfin zagayen PLL kai tsaye: abin da masana suka tsayar

PLL da'ira ce ta lantarki da ke kulle mitar agogo da wata mitar tushe, kuma tambayar ita ce yadda za ta daidaita ƙarfin zagayenta da kanta. Bakin masana ya zo ɗaya kan tushen matsalar: Kvco, wato yawan canjin mitar VCO (sashen da ke samar da mitar da volt ke sarrafawa) a kowane volt, ba ya zama wuri guda. Zafi, wutar da ake ba guntu (chip) da bambancin ƙira na iya ninka shi. Idan ya hau, faɗin zagayen (bandwidth, wato saurin da PLL ke bin canji) ya ƙaru, agogo ya soma rawa. Idan ya sauka, kullewa ta yi jinkiri.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara zaɓen rukunin kapasitan da ke saita mitar VCO tukuna, domin kowane rukuni da nasa Kvco. Sannan a buɗe zagayen, a ba VCO volt biyu mabambanta, misali 0.4 da 0.8, a ƙirga mitar kowanne, a raba bambancin mita da bambancin volt. Da sakamakon ake gyara Icp, wato wutar famfon caji (sashen da ke ɗaga ko sauke volt ɗin VCO), har Icp × Kvco ÷ N ya tsaya daram, inda N shi ne adadin da ake raba mitar VCO da shi.

An ja kunne kan gajeren ƙirge: ƙirgen mikrosakan 10 ba ya gane bambancin mitar da bai kai kilohaz 100 ba. Faɗin zagaye kuma kada ya wuce kashi ɗaya bisa goma na mitar tushe.

Inda aka rabu shi ne lokacin awo. Wasu sun ce na lokacin kunnawa ya wadatar, amma guntu yana ɗaukar zafi daga baya, shi ya sa masu PLL na dijital suka fi son LMS, dabarar lissafi mai rage kuskure kaɗan-kaɗan, wadda ke gyara ana cikin aiki.