Muhawara: Wai duk labaran sihirin kiɗa na matasa labari ɗaya ne?

Malamar Samaru: Assalamu alaikum. Ɗalibaina 'yan aji biyar na sakandare sun rungumi littattafan Turawa na matasa masu sihirin kiɗa, ni ma na karɓa na karanta. Magana ta gaskiya, labari ɗaya ne ake sake wa riga. Marainiya ce, uwarta ta rasu ta bar mata sarewa ko goge. Azzalumin sarki ya hana kiɗa a ƙasa. Ranar da ta fara busawa ƙasa ta girgiza, sai a gane ita ce wadda aka daɗe ana jira. Sannan ga saurayin da muryarsa ta dace da tata. Na ce wannan ragwancin marubuta ne.

Ɗan Kongo: Wa alaikumus salam Malama. Ban yarda ba. Tsohon abu ne, ba ragwanci ba. Girkawa suna da Ofiyas, wanda in ya kaɗa molonsa namun daji ke natsuwa. Jamusawa suna da mai sarewar garin Hamelin, da aka ce a 1284 ya busa yara 130 suka bi shi, ba a sake ganinsu ba. Mu ma tatsuniya nawa ce ba ta warwarewa sai yarinya ta rera waƙa a bakin rafi Dodo ya ji? Kakanninmu ragwaye ne ke nan?

Malamar Samaru: Yarinyar tatsuniya kuka take yi da waƙa, neman ceto take. Ba harbi take yi da ita kamar bindiga ba.

Hafsa T/Wada: Anti, ni fa zancen hana kiɗan ne ya taɓa ni, don a gidanmu ake yi. Ko Shata, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ga shi daga baya jami'ar nan ta Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Yarinyar da ke ɓoye waƙarta a bayan littafin lissafi, in ta karanta irin wannan, kanta take gani. Kada ku raina mana shi.

Baban Kwarbai: 'Ya'yana, ku ba ni wuri. Ban karanta littattafan ba, amma a bayan fada na tashi, kiɗan sara da makaɗan sarki ke yi daren Juma'a da shi muke barci. Abin da Malama ta faɗa wanda ya tsaya mini shi ne wai ranar farko yarinya ta busa ta iya. A ina? Ɗan mai algaita sai ya yi shekaru yana koyon tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, don kada sautin ya yanke. Ɗan makaɗin kalangu yana ɗaukar kaya yana bin ubansa mahauta da gidan biki kafin a bar shi ya matsa kalangun a hammata har ya yi magana. Kuma ƙarfin kiɗa ba a cikin itace da fata yake ba, a sanin take yake. Ku je filin dambe: a yi ta kiɗa ɗan dambe na zaune, ana taɓa takensa sai ya miƙe yana tsuma yana kirari. Haka 'yan tauri. Makaɗin da bai san kai ɗan wane ne ba, ba zai iya tsuma ka ba.

Ɗan Kongo: Baba, to ai ka goyi bayana, kiɗa na juya mutum.

Baban Kwarbai: Na goyi bayanka rabi. Yana juyawa, amma ba mutum ɗaya ke yi ba. Ina 'yan amshi? Ina sanƙira? Tambari ma ba kowa ake kaɗa wa ba, sai sarki.

Abu Sumayya: Ni damuwata daban ce. Sihiri dai sunansa sihiri. In muka ce a kawo shi gida, garaya da bori za a faɗa, kowane iska da kiɗansa, kuma ba zan miƙa wa 'yata wannan ba.

Hafsa T/Wada: Yaya, tatsuniyar Dodo ba ta sa kowa bautar Dodo ba. Kuma ba dole sai bori ba. Gangar noma a gayya fa, da ke sa ƙato ya manta da gajiya?

Malamar Samaru: Marayu da sarki mai hana kiɗa na bar wa Hafsa, tunda suna mata amfani. Abin da ba zan bari ba shi ne baiwar da ba a sha wahalarta ba. Yaran nan suna rufe littafi da tunanin cewa in ba ka iya abu ranar farko ba, to ba naka ba ne. Ina ganinsu a aji, rubutu ɗaya ya ƙi su sai su ajiye biro.

Ɗan Kongo: Matashi ba zai zauna karanta babi goma na yaro yana ɗaukar kalangun ubansa ba, Malama. Zai ajiye.

Malamar Samaru: Zai karanta in ranar da uban ya kwanta ciwo aka ce yaron ya kaɗa taken da bai gama koya ba, a gaban ɗan damben da ke jira. Baba, in ka yarda zan turo maka ɗalibaina biyu ranar Asabar su ji zancen algaitar nan daga bakinka.

Baban Kwarbai: Su zo bayan la'asar. Su taho da littafin guda, su karanta mini inda ta fara busawar.